Matan da Suka Kai Turame Bakin Gona

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri, da dukkan masu sauraro. Ni tsohon malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Filinge, inda ake kiran malamin boko Mushe, kuma ina roƙon a karanta wasiƙar nan yadda take, ba ragi.

Bayan girbin bana dokina ya taka ƙusa. Daga baya jikinsa ya sandare, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Likitan dabbobi ya ce mini, "Mushe, ko mu hutar da shi yau, ko in yi allurai ka killace shi cikin duhu. Amma ƙara kaɗan tana iya kashe shi." Na zaɓi jinya, na mayar da shi zaurena.

Sai matsalar daka, domin turmin maƙwabciyata Hajiya Mariyama yana jikin bangon zauren. Da na je, ta yi dariya ta ce, "Mushe mai faɗa, yau kai ne da roƙo?" Ta tara matan unguwa, suka kwashe turamensu zuwa bakin gona, can suke daka har dokin ya samu sauƙi.

Jiya ya ci harawa da kansa. A gaishe mini da likitan, da matan nan da suka yi ta ɗaukar hatsi a ka cikin rana saboda dabbar da ba tasu ba. Allah Ya saka musu da alheri.