Gwangwani Mai Jan Murfi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aron numfashi, yake kuma karɓar abinsa ranar da ya ga dama.

Malam Liman, shugaban unguwarmu, jami'in kula da daji, shugaban manoma da ya ba mu wannan zaure, shugaban ƙungiyarmu ta masu bindigar iska, ƙannen marigayi, mai ɗakinsa wadda nake kira Yaya, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

An zaɓe ni in yi magana ne don na fi kowa daɗewa da shi. Shekara talatin da ɗaya shagona na ɗinki yana jingine da shagonsa na gyaran agogo, har tarinsa ina ji ta bango. Amma da shugaban ƙungiyarmu ya san abin da na ƙunso a cikina, da bai miƙo mini wannan aiki ba. Ku yi haƙuri da ni, zan iso wurin.

Ya kasance mutumin da ba ya yarda da "kusan daidai". Ku kun san shi da Mai Agogo, mu a ƙungiya Sikeli muke ce masa. Ga waɗanda ba su san harkarmu ba, bindigar iska harsashin dalma take ci, ɗan ƙarami da bai kai ƙwayar masara ba, ana sayar da shi ɗari biyar a gwangwani. Mu dai mu buɗe, mu damƙa, mu watsa a aljihu tare da makullai. Shi kuwa sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin aikinsa, ya maƙala gilashin nan a ido ɗaya, ya ɗora harsashi ɗaya bayan ɗaya a kan ƙaramin sikeli. Ya duba gindinsa ko ya lotse. Ya mirgina shi a kan madubi ya ga ko zai karkace. Wanda ya ci jarrabawa ya shiga gwangwani mai jan murfi, na farauta ke nan. Wanda ya faɗi ya shiga mai baƙin murfi, wannan sai harbin takarda.

Mun yi masa dariya har mun gaji. Na taɓa leƙawa na ce, "Sikeli, sai ka ce mai auna zinariya!" Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Tela, kai in ka kuskure awo, riga ce ta lalace. Ni in na kuskure, zomo ne zai ja ƙafa ya shiga rami ya yi kwana uku yana mutuwa."

Ya kasance malaminmu, ko da yake ba mu taɓa kiransa haka ba. Shi ya koya mana cewa kowace bindiga da irin harsashin da take so, sai ka gwada kafin ka sani. Ka kafa takarda a taku talatin, ka yi harbi biyar. In maɓallin riga bai rufe hudojin nan biyar ba, ba ka da izinin nuna wa mai rai bakin bindiga. Shi ya hana mu canja irin harsashi ana gobe fita. Shi ya raba mu da masu tsinin kai da ke burge mu a ido, ya ce masu zagayen kai sun fi tafiya a miƙe.

Ya kasance mai amfani ga mutanen da ko sunansa ba su sani ba. Shugaban manoma yana nan. Shekarar da gafiyoyi da kurege suka addabi rumbunan ajiya, har aka fara maganar zuba guba, shi ya tashi a wannan zauren ya ce guba ba ta san kaza ba, ba ta san jika mai rarrafe ba. Wata biyu muna fita kowace safiya kafin mu buɗe shago. Ba a zuba gubar ba.

Duk wannan kun sani. Kun kuma san shekara uku kafin rasuwarsa ya rataye bindigarsa, kowa yana cewa tsufa ne, ido ya tafi. Ɗazu ma a bakin ƙofa na ji wani yana maimaitawa. To, ba haka ba ne, kuma ni kaɗai na san ba haka ba ne.

Mun daɗe muna gardama da shi. Ni ina cewa duk wannan awo camfi ne, inji ɗaya ya buga harsasan duka, hannun maharbi ne komai. Wata ranar Juma'a da yamma ya fita karɓo saƙo ya ce in kula masa da shago. Gwangwanayen biyu suna kan tebur. Sai na ɗebi cike da tafin hannu daga mai baƙin murfi na zuba a mai ja, na girgiza, na rufe. Nufina gobe ya harbo zomayensa kamar kullum, in muna dawowa in faɗa masa, 'yan ƙungiya su kwashe da dariya, in ci gardama. Wallahi iyakar nufina ke nan.

Washegari da safe, a gefen gonar kabeji, zomo ya tsaya masa a taku ashirin da biyar. Harbin da yake yi ko da barci a idonsa. Ya ja kunamar bindiga, harsashin ya sauka a cinya. Wanda bai taɓa jin kukan zomo da aka raunata ba, Allah kada ya sa ya ji, kamar jariri yake yi. Ya ja ƙafa ya shige ƙaya. Sikeli ya ajiye bindiga ya bi shi da rarrafe, mutum mai shekara sittin da shida, hannuwansa duk jini. Har rana ta take muna nema, ba mu same shi ba.

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na ga fuskarsa, na rufe.

Da muka dawo ya kafa takarda a bayan shago, ya yi harbi biyar daga wannan gwangwanin. Uku suka haɗu, biyu suka watse. Ya sake, haka. Ina tsaye a bayansa, ni nake ciro masa takardar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Harsashin dai ni na zaɓe su da hannuna. Bindiga lafiyarta lau. Saura ni ke nan, Tela. Ido ya gama aiki." Ya goge bindigar ya sa a jaka.

Mutumin da yake auna komai bai sake auna wannan gwangwani ba. Bai kawo a ransa cewa wani zai taɓa shi ba, don ni kaɗai yake bar wa shago. Ya zargi idonsa, bai zargi abokinsa ba.

Shekara uku ina cewa gobe zan faɗa. Ranar Asabar in mun taru za mu fita, yakan fito ƙofar shago ya tsaya, ya ce, "Ku gwada takarda tukuna." Ya bi mu da kallo har mu sha kwana. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi na je asibiti da niyyar faɗa sau biyu. Na farko akwai mutane. Na biyu ba kowa, sai ya riƙe hannuna yana ba ni amanar shagonsa, na kasa. Ba kunya ce kaɗai ta hana ni ba, tsoro ne. Na fi son ya mutu yana ganina da mutunci a kan ya san gaskiya game da kansa.

Shekaranjiya babbar 'yarsa ta kawo mini wannan gwangwani, ga shi nan. Ta ce, "Kawu, su ne na ƙarshe da Baba ya zaɓa. A ajiye a ƙungiya, masu tasowa su ga yadda ake zaɓe." 'Yata, na karɓa na ce miki to. Jiya na zauna a kujerar babanki na ɗora su a sikelinsa. Ɗari da tamanin ne a ciki, hamsin da bakwai ba nasa ba ne, nawa ne.

Yaya, ke kika zauna da shi a waɗannan Asabar ɗin, kin san yadda suka yi masa tsawo. Ni na jawo. 'Ya'yana, babanku bai tsufa a ido ba. Har makon da ya kwanta yana ɗaura allurar agogon hannu ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Duk wanda ya sake ce muku ido ne ya raba shi da bindiga, ku turo shi wurina. Ban ce ku yafe mini yau ba. Wanda ya kamata in roƙa na bari ya tafi.

'Yan ƙungiya, mu ma mu duba kanmu. Hannuna ne ya zuba, amma dariyarmu duka nake nema.

Ina gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka saurare ni ba su tashi ba.

Ya Allah, bawanka ya tausaya wa ƙananan halittunka, ka tausaya masa. Ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka riƙa musu. Ranar da za a ɗora ayyuka a mizani, ka nauyaya nasa. Abin da na cakuɗa masa a duniya kuma, ya Allah, ka tsince shi ka mayar a nawa.

Amin.