Kajina Suna Mutuwa, Yara Sun Ci Naman

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Falmata, daga wani ƙauye kusa da Gashuwa.

Tun da ambaliya ta cinye gonar geronmu bara, kaji goma sha biyu da ɗan lambun bayan ɗaki ne ke riƙe da mu. Maigidana yana kwance da ciwon ƙoda. Zogale da kuɓewa nake miya da su, ƙwai kuma in sayar in auno gero.

Makon jiya na sayo zakara a kasuwar Dapchi, na sake shi cikin kajina. Kwana uku ya mutu. Yanzu bakwai sun bi shi. Wuyansu ke murɗewa, sai su kife.

Jiya na yanka ɗaya da ta fara layi, yara suka ci. Maƙwabciyata ta dafe ƙirji ta ce, "Falmata, mai ciwo kika ba su?" Tun lokacin nake ta taɓa goshinsu.

Malam, don Allah a tambayo mana masana. Naman zai cutar da 'ya'yana? Kuma yaya zan ceci huɗun da suka rage? In suka tafi, wallahi ganye kaɗai zan riƙa dafa musu.