Mai Kwana a Kan Wadrob

Jama'ata, ku matso ku sha labari! A layin asibitin ƙashi a birnin Santiago na ƙasar Chile, wata tsohuwa ta ƙura wa kumburarriyar ƙafar wani mutum mai suna Evaristo ido.

"Ɗana, mota ce?"

"Wadrob ne, Mama. Asabar surukina zai kai mu dutsen Andes wasan zamiya kan ƙanƙara. Na ce masa ni gwani ne."

"Ka iya?"

"Ina fa! An ce numfashi na wuya can sama, shi ne nake kwana kan wadrob in saba. Na mirgino."

"Gode Allah, sakarai! Wa zai gwada gurgu?"

"Targaɗe ne kawai, jibi na warke."

Ta gyara riƙon sandarta. "Miƙo ƙafar in ƙarasa maka ita."

Ku fa, da za ku miƙa?