Kujerar Bayan Kunkurun Baba

RAUDATU: Salamu alaikum. Alo? Auta, kana ji na?

BUNYAMINU: Wa alaikumus salam. A'a, Yaya Raudatu! Ina kwana?

RAUDATU: Wane irin ina kwana, rana ta take tsaka? Ina wuni dai.

BUNYAMINU: To ina wuni. Wanda ad ƙarƙashin mota ina shika ganin rana? Ƙaƙa Birnin Kebbi?

RAUDATU: Lahiya lau. Ƙaƙa Bagudo? Ƙaƙa ruwa?

BUNYAMINU: Ruwa ya yi gyara. Jiya an sha shi har garin Sharabi.

RAUDATU: Madalla. Ina matarka Fatiha da jinjirinta?

BUNYAMINU: Suna lahiya. Ya hwara haƙori, duk abin da yas samu sai baki. Ina maigidanki Malam Zainulabidin? Ina su Muhsin? Ƙaƙa aikin asibiti?

RAUDATU: Mun gode Allah. Ƙaƙa Baba?

BUNYAMINU: Baba... lahiya lau.

RAUDATU: Mi yas sa kaj ja ta haka kamar roba?

BUNYAMINU: Layi na, Yaya. Layi ba shi da kyau.

RAUDATU: Layin gidanku. Da sahe na kira Baba, munka gaisa, nic ce mai ina Auta. Ka san mi yac ce? Wai wane Auta. Ɗa guda namiji gare shi duk duniya, shina tambayata wane Auta. Mi kay yi mai?

BUNYAMINU: Ni? Wallahi abin kirki niy yi. Yaya, na gama Kunkuru.

RAUDATU: Ka gama da wa?

BUNYAMINU: Ba da wa ba! Na gama gyaran Kunkuru, tsohuwar motar Baba, Bitil ɗin nan. Ta tashi!

RAUDATU: Wagga da kaji ka ƙwai cikinta gindin dogon yaro? Ita tat tashi?

BUNYAMINU: Kada ki sake ce mata ɗakin kaji. In kin gan ta yanzu sai kin gaishe ta. Na yi mata jan hwenti, na sa mata tayoyi masu hwaɗi, na canza birki duka huɗu, na yi walda na ɗaure cikinta da bututun ƙarhe don kada ta wargaje in ta yi gudu. Salansa biyu, Yaya. Biyu!

RAUDATU: Salansa guda ta yi mata kaɗan? Hanci na?

BUNYAMINU: Ki bari ki ji injin. Tsohon nan nata mai tari na sauke shi. Na samo na babbar mota, mai filogi shida, daga Segbana, can cikin Benin. Shi da ruwa shika sanyi, ba kamar tsohon ba, dole nis sa lagireto gaba, inda Baba ka aje buhun shinkafa, nij ja tiyo ta ƙasa har baya.

RAUDATU: Duk wanga Baba ya sani?

BUNYAMINU: Shi da bakinai yac ce in ɗauka in ga abin da nika iya yi da ita. Ranar da nig gwada ta hanyar Kaoje, wata jif niw wuce kamar tana tsaye. Direban bai haƙura ba sai da yab biyo ni har gareji, wai in buɗe mai shi ga ko aljani nis sa ciki. Matan Bahindi da ka shanya shinkafa bakin titi kuwa sama sunka riƙa kallo, sun ɗauka jirgi na.

RAUDATU: Allah shi shirye ka. Wata rana nan asibitinmu za a kawo ka cikin buhu biyu. To mi yah haɗa wanga da hushin Baba? Alo? Alo, Auta?

BUNYAMINU: Ina ji. Bari in hau kan jibgin tayoyi, nan layi ka kamawa. Yawwa. To, na gayyato shi shi zo shi gani. Yaya, babbar riga yas sa. Makanikai duk sun taru, har masu sai da kihi na bakin tasha. Yaz zagaya ta, yas shafa hwenti, na rantse har murmushi nig gani. Nic ce a raina yau dai za ni jin abin da ban taɓa ji ba.

RAUDATU: Mi ke nan?

BUNYAMINU: Kin sani mana. Tun da nib bar makaranta nik kama sifana, Baba bai taɓa kallon aikina yac ce Allah shi yi albarka ba. Ko sau ɗaya. Ke kin ji ta har kin gaji, ke mai hwarin kaya.

RAUDATU: Auta...

BUNYAMINU: Bari in gama. Sai yab buɗe ƙohwa, yad duƙa, yal leƙa baya. Yad daɗe duƙe har nij ji tsoron bayanshi ya riƙe. Da yam miƙe sai yac ce, ina kujera?

RAUDATU: Wace kujera?

BUNYAMINU: Ta baya. Ai injin bai shiga gurbin tsohon ba, ya yi mai girma. Sai niy yanke bangon baya, nic cire kujerar, nit turo shi ciki.

RAUDATU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ka cire kujerar baya?

BUNYAMINU: Ke ma? Wai mi ag ga kujerar nan? Tun da niy yi wayo ban taɓa ganin mutum ya zauna kanta ba. Ko za mu Sallar Idi, gaba shika cusa mu, ni bisa cinyarki, bayan babu kowa sai hularshi da dardumar salla. Nic ce tunda ba ta da amfani...

RAUDATU: Kai, kai, kai. Sannan mi yay yi?

BUNYAMINU: Sai yar rufe ƙohwa sannu, yat tahi gida a ƙasa. Na tsai da mai kabu-kabu yaƙ ƙi hawa. Tun ranar in na gaishe shi hannu kawai shika ɗaga mani. Tuwon Fatiha shina ci, shina wasa da jinjiri, ni kuwa kamar turmi anka aje tsakar gida. Abin shina ci mani rai, Yaya, ba wasa ba.

RAUDATU: Ba wanda yat taɓa hwaɗa maka ko?

BUNYAMINU: Hwaɗa mani mi?

RAUDATU: Wurin Inna na. Ita ba ta taɓa zama gaba kusa da shi ba, kunya taka ji mutane su gani. Kullum baya, ta gefen da shika hango ta cikin madubi. Ba ka lura madubin nan a karkace shike ba?

BUNYAMINU: Na lura. Na... na daidaita shi.

RAUDATU: Ka daidaita! Sannu da aiki, injiniya. To saurara. Kan kujerar nan anka haihe ka.

BUNYAMINU: Anka mi? Layi ya...

RAUDATU: Layi lahiyarshi lau, ka ji ni sarai. Lokacin Baba shina malamin gona Kaoje. Naƙuda tat taso, yad ɗauko ta da Gwaggo 'Yar Baba za shi asibiti, ni ina gaba riƙe da buta. Kunkuru tana tahiya kamar ana roƙonta. Ba mu kai ko rabin hanya ba kaz zo. Baba yah hita yat tsaya gindin wata ƙirya ya ba mota baya, sai da yaj ji kukanka.

BUNYAMINU: Kan kujerar anka haihe ni? Ni Bunyaminu? Amma ba wanda...

RAUDATU: Wa za shi hwaɗa maka? Baba zai zauna da kai shi yi maganar haihuwarka? Inna kuwa ko yaye ka ba ta gama ba Allah yak karɓi abinai. Tun ranar bai sake barin kowa ya zauna wurin ba.

BUNYAMINU: Wayyo ni. Yaya, ni ko huskarta ban sani ba sai hoto. Ashe abin da yar rage nata ni da hannuna nic cire da sifana goma sha uku.

RAUDATU: Kuka ba naka na ba yanzu. Ina kujerar? Ɗauko ta ka wanke ka kai mai.

BUNYAMINU: Ai... ba ta ƙasar.

RAUDATU: Ba ta gareji?

BUNYAMINU: Ba ta ƙasar, nic ce. Ba ta Najeriya.

RAUDATU: Auta, kada ka sa hawan jinina shi tashi ina bakin aiki.

BUNYAMINU: Kin san Ɗanmusa Badende, mai a-kori-kura? Shi yak kawo mani injin ta iyakar Tsamiya, cikin ruwa da taɓo, yaƙ ƙi karɓar komi. To ba a barin wanda yak kawo maka alheri shi koma hannu sake. Nig ga shina ta latsa kujerar shina yaba sosonta, nic ce ɗauki tukuici.

RAUDATU: Tukuici! Kujerar uwarka!

BUNYAMINU: Yanzu tana tashar Segbana, rumfar matarshi Sakinatu mai shinkafa da kihi. An ce har hwaɗa direbobi suka yi kan wa za shi zauna kanta.

RAUDATU: La ilaha illallahu. Direbobi suna zubar da miya inda Baba ko hula sai da bisimilla shika ajewa. Tashi ka tahi ka karɓo ta.

BUNYAMINU: Da wane baki? A ba mutum tukuici gaban jama'a a dawo a ce kawo? Daga Tsamiya har Lolo ba mai sake ɗauko mani ko ƙusa. Kuma ko na karɓo, ina nika sa ta? Injin ya cike wurin.

RAUDATU: To sauke injin.

BUNYAMINU: Yaya, damina biyu ina kan aikin ga. Yatsana guda har yau bai lanƙwasa.

RAUDATU: Na sani. Zaɓi kai: injin ko Baba.

BUNYAMINU: Injin ko Baba...

RAUDATU: Alo? Ka hwaɗo daga kan tayoyin?

BUNYAMINU: Ina nan. Shi ke nan. Yau zan sauke shi. In mai da bangon, in mai da mai tarin, in je in durƙusa wa Ɗanmusa, duk abin da za a ce a ce. Ta koma ɗakin kaji in dai Baba zai... Kai! Yaya, yi shiru. Baba!

RAUDATU: Baba mi?

BUNYAMINU: Ga shi bayana. Ban san tun yaushe shike tsaye ba. Baba, sannu da zuwa, ina wuni, bari in share maka benci...

BABA: Sauko daga kan tayun nan kamar ɗan akuya. Da wa kaka magana?

BUNYAMINU: Yaya Raudatu ta.

BABA: Na san sai ita, bakinta bai riƙe komi. Wa yac ce ka sauke injin?

BUNYAMINU: Baba, ai kujerar...

BABA: Kujera ɗakina za ta. Ni zan roƙi Ɗanmusa, ba kai ba. Da ubanshi munka yi noman shinkafa, ba shi hana ni. Injin kuwa shi zauna inda shike. Uwarku ta sha yi mani gori kan motar ga. Har ranar nan sai da tac ce, Malam, da abin nan naka tana gudu da mun kai. Buɗe mani gaba.

RAUDATU: Auta! Auta, ba shi wayar! Baba, hawan jininka! Kada ka shiga motar nan!

BABA: Ce mata ta kama aikinta. Tayar in ji... A'a! Kai, wanga duk hannunka yay yi shi? To. Allah shi yi albarka. Ka ce ta wuce jif?

BUNYAMINU: Ta... ta wuce, Baba.

BABA: Mi kaka share ido? Kalli hanya. In mun hita gari taka ta in gani.

RAUDATU: Bunyaminu, wallahi in kaw wuce arba'in sai na... Ka sa mai bel! Kana ji na? Alo? Alo!