Ranar da na ƙi faɗin fura

Albasar da babanku marigayi ya bari cikin rudu, rumfar ajiyarta, ita ta kai ni Kaduna. Wani dillali daga Shagari ya zo shina taya ta kamar kayan gawa. Na ce, «Mai albasa ya mutu, albasa ba ta mutu ba.» Sau uku yana tafiya yana dawowa kafin ya biya kuɗin da na yanka. Na ƙulle kuɗin a bakin zane, na bar ku wurin Inna a Danchadi, na hau mota.

Ɗaki na kama a gidan wani mai tumbi. Kwana biyu ya zo: «Ke, dakan nan naki yana tsaga mini siminti.» Na ce, «Alhaji, simintin da ke tsoron turmi ai ƙasa ta fi shi.» Bai sake ba.

A ƙofar gidan talabijin nake aje ƙwaryar furata. Can na san Malama Rakiya. Ku da kunka tashi kuna ganin darasi cikin waya ba ku san wahalar da anka sha ba. Malamar firamare ce, ta bar aji ta ce za ta koya wa matan aure karatu ta cikin akwati. Anka yi mata dariya, wai akwati na rawa ne da labarai. Allonta ma da kanta ta ɗauko shi cikin tasi. Kullum ta sayi fura takan tsaya, har ran nan ta ce, «Kulu, ɗaliba nake nema wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba.»

Na ce, «Kin samu. Amma da sharaɗi. Ba a sa ni in yi wauta don mutane su yi dariya, kuma ba a taɓa mini lulluɓi.»

Ta ce ta yarda. Na ce ta faɗa gaban shaidu. Ta kira maigadi.

Akwai wani babba cikinsu, shi ke ba da umurni, mai igiya a kunne. Suna ce masa furodusa. Ni dai hura-da-dusa na ji, haka kuma na kira shi har na baro garin. Ɗakin da ake ɗaukar hoton ba taga, fitilu kamar an buɗe tanderu, ga kyamara mai ƙafa uku tana bin mutum da ido ɗaya. Kuma lokacin abin da ka faɗa ya fita ke nan, babu gyara.

Munka yi A, munka yi B, lafiya lau. 'Yan wajenmu masu sayar da albasa a kasuwa sunka ji labari, duk ranar darasi su taru gidan shugabansu su kalle ni. Har da mutanen Bodinga da sunka san babanku.

Sai anka zo kan F. Wurin gwaji Malama ta rubuta, ta ce, «Fura.» Na ce, «Hura.» Hura-da-dusa ya cire igiyar kunne.

«Baba, fu. Fu-ra.»

«Hu-ra.»

«Ki ce fara.»

«Hwara.»

Ya dubi Malama ya ce, «Ko ta faɗa daidai yau, ko gobe a kawo Bakanuwa. Makaranta muke yi, ba kasuwar ƙauye ba.»

To ku ji, ba wai ba ni iyawa ba. Na zaga bayan gida na gwada, ta fito sarai. Amma na tuna mutanenmu zaune bisa tabarma, su ga Kulu ta murɗe baki kamar wadda ke ƙyamar nonon uwarta. Labarin zai riga ni isa Danchadi. In kuma na ƙi, an kore ni gaban kowa.

Jar fitila ta kama, alamar an fara ɗauka. Malama ta rubuta, ta ce, «Kulu, karanta.»

Na ce, «Hura.»

Bayan kyamara mutumin nan yana ta yanka wuyansa da hannu. Malama ta ce, «Sake dai.»

Na ce, «Malama, mi za ni sakewa? Ni ka daka ta, ni ka dama ta, ke ka sha. Ran da kinka ce hura tawa ta yi daɗi ba ki ce sunanta ya ɓaci ba.»

Mai riƙe da kyamara ya ƙunshe dariya har hoton ya girgiza. Na ce shi ke nan, Kulu, naɗe tabarmarki. Sai Malama ta juya ga allo, ta rubuta wata kalma ƙarƙashin ta farko, ta dubi idon kyamara ta ce, «Ta sama fura, ta ƙasa hura. Abu ɗaya ne cikin ƙwarya. A littafi za ku ga ta sama. Wadda bakinta ya saba da ta ƙasa, kada ta ji kunya, ta dai gane baƙin in ta gan shi.»

Da anka kashe fitila hura-da-dusa ya yi ta faɗa. Malama ta ce masa in an kawo Bakanuwa, a nemo mata malama. Ba a kawo ba. Satin nan 'yan albasa sunka aiko wakili da kwando guda, wai matansu ma sun fara zama kallo.

Malama ta daɗe tana wannan aiki. Ta yi darasin lissafi, ta yi na renon yara, ta horar da na bayanta, har ta zama shugabar sashen kafin ta aje. Ni da munka kai ƙarshen baƙaƙe na ce ya isa, gona na jira. Na dawo da keken ɗinki da iya rubuta sunana da hannuna. A tashar Bodinga wani tsoho da ban sani ba ya tashi ya ba ni bencinsa, ya ce, «Ke ta mai hura?»

Na ce, «Ni ta.» Na zauna.