Numfashin Ɗiyata Hajo

Gaisuwa gare ka, mai karanta wasiƙu. Ni ne Bawa, daga Ɗan Kassari.

Ɗiyata Hajo in tana barci, numfashinta kan ɗauke har sai mun girgiza ta. Lokotoron asibitin Dogon Dutsi ya ce 'yan wuyanta sun kumbura sun toshe iska, sai an cire su a Yamai. Mahaifiyata ta ce, "Aljana Doguwa ce! In ta mutu, kai ka kashe ta."

Duk da haka na kai ta Yamai, aka cire su. Yau Hajo har tsere take, ba haki.

Yanzu ƙanenta ya fara irin wannan ciwon, tsohuwa kuwa ta rantse in na kai shi sai ta tsine mini. Jama'a, uwa zan bi, ko numfashin yaro?