Indararon Malam Umaru

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Kristi, wanda ya tara mu a wannan safiya. Fasto, na gode da ka ba ni fili. Sunana Bitrus, mijin Saratu. Yawancinku kun fi sanina da mai gyaran burtsatse, wasu kuma kun fi sanin kujerata da ba kowa a kanta ranar Lahadi. To, yau ga ni.

Ba ciwo Allah ya warkar mini ba, ba kuma giya ya raba ni da ita ba. Daga gaba ya cece ni, gabar da na riƙe shekara biyu har ta kusa cin ƙafar mutum.

Aikina na yawo ne. Litinin ina Anka, Laraba ina Bukkuyum, kafin mako ya ƙare an kira ni wani ƙauye famfo ya daina ba da ruwa. In ɗaure kayan aiki bayan babur in kama hanya, ga hanyoyin nan namu da kuka sani, sai da addu'a. Wata rana in kwana uku ban ga gidana a Gummi ba. Ko'ina na sauka ana yi mini maraba, mata na sa mini albarka don na dawo musu da ruwa. Har na fara ganin kaina mutumin kirki.

Amma a gida katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Umaru, kuma ba ma ga maciji.

Malam Umaru manomi ne, Musulmi, mutum mai sanyin magana. Da muka tare a unguwar, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta fara aiko mana da fura. Da Kirsimeti mu kai musu shinkafa, da Sallah su kawo mana nama. Sai ya yi sabon soro jikin katangarmu, ya juyo indararonsa wajen gidana. Ruwan sama na farko ya zubo mini tsakar gida, ya ci gindin katanga, ya jiƙa buhun dawa.

Da na je da hankali, da maganar ta mutu a ranar. Amma kun san ni, zuciyata a kusa take. Na tsaya ƙofar gidansa na ɗaga murya, na ce don ya ga ni Kirista ne shi ya sa ya rena ni. Bai ce haka ba, bai yi haka ba, ni na ɗora masa. Ya dube ni ya ce, "Malam Bitrus, wagga magana ba ta kai nan ba." Na juya na bar shi tsaye. Tun ranar na daina gaishe shi, na kuma hana a ambaci sunansa a gidana.

Daminar bara, ina Anka, Saratu ta kira ni a waya. Ta ce, "Baban Hannatu, Malam Umaru ya faɗo daga kan soro, ƙafa ta karye. Ka san abin da ya hau yi kuwa?"

Na ce, "Allah ya sawwaƙe," na kashe wayar.

Kada ku ɗauka ban damu ba. Na damu. Ina kwance rodin famfo ina tunanin mutumin nan, ga shuka ta fito, ga ciyawa, wa zai yi masa noma? Amma girman kai rawanin tsiya ne. Sau biyu na dawo gida da dare cikin kwanakin nan, sau biyu na kashe babur tun daga bakin layi na turo shi da hannu, don kada su ji na dawo. Da safe ma haka zan tura shi in fita, kaina a ƙasa. Saratu ta tsaya tana kallona ta ce, "Oh, yau mai babur ya koma jakin babur." Na ce aiki ya yi mini yawa, in na dawo zan shiga dubiya. Ta ce, "Gobe ta Allah ce, ba taka ba."

A rana ta tara da faɗuwarsa ina Nasarawar Burkullu, na zare bututun wani famfo, mata sun jera jarkoki suna jira. Saratu ta sake kira. Wannan karon ba wasa a muryarta.

Ta ce, "Na shiga wurin Inna. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da kara, amma akwai rauni a ƙarƙashi. Yatsun sun yi baƙi, ɗakin ya fara wari. An ce a kai shi asibiti, Inna ta ce ba wanda zai kai ɗanta a yanke. Baban Hannatu, kai ka san warin nan."

Na san shi. Babana haka ya rasa ƙafarsa ina ɗan shekara goma sha biyu. An yi ta jira ɗori ya kama, kafin a kai shi asibiti sai daga gwiwa aka cire. A duk unguwar ba wanda ya ga ƙarshen wannan hanya da idonsa sai ni. Ni kuma ina nan ina tura babur.

Na koma gindin wata bishiyar bedi na durƙusa. Na fara addu'ar da Ubangiji ya koya mana, wadda nake yi tun ina yaro ba tare da tunani ba. Da na iso wurin da ake roƙon gafara, bakina ya ƙi. Na sake farawa, ya sake ƙi. Sai na bar ta, na ce, "Ya Yesu, ba zan iya son mutumin nan da ƙarfina ba. Ka cire mini wannan abu, ka bar masa ƙafarsa." Na yi kuka a wurin, ni ƙato da gemu, mata na kallo. Ban ji wata murya ba. Nauyin da ke ƙirjina ne kawai ya sauka, na kuma san abin da zan yi.

Na gama ɗaure famfon cikin sauri, ruwa ya zo, na hau babur. Hadari ya tare ni a hanya, na iso Gummi da la'asar jiƙe sharkaf. Na shiga gida don in ajiye kaya, sai na tsaya. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma gindin katangata ba abin da ke zuba. Na ɗaga kai. Ba indararo. An cire shi, an toshe ramin da sabon yaɓe, rabi an gama, rabi ba a gama ba.

Saratu ta ce, "Abin da ya hau yi ke nan. Ya ce kafin damina ta yi nisa zai juya shi waje, ko ka huce. Tsanin ne ya zame. Na so in gaya maka, ka kashe waya, a gida kuma ka hana a ambaci sunansa."

'Yan'uwa, kunya ba ta kisa. Da tana yi, da ba ni nan.

Na yi sallama gidansu, karo na farko cikin shekara biyu. Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "A'a, Bitrus, halan ka ɓata hanya?" Na durƙusa na ce, "Inna, na ɓata, yanzu na gane." Malam Umaru na kwance kan tabarma, ya rame, jiki zafi rau. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ka yi haƙuri, ban ida aikin ba." Na kama hannunsa.

Na juya wurin Inna na ba ta labarin babana, ban rage komi ba. Na ce, "Inna, jira ne ya yanke ƙafar babana, ba likita ba." Sai ta ce, "In ka tahi da shi, kai za ka maido min shi." Na ce da yardar Allah. Na nemo mota, muka kai shi asibiti kafin magariba.

An ceci ƙafar, amma an cire yatsu biyu. Likita ya ce da mun zo da wuri ko ɗaya ba za a taɓa ba. Waɗannan yatsu biyu, kwana tarana ne. Allah ya gafarta mini, Malam Umaru ma ya yafe, amma duk safiya ina jin ƙarar sandarsa in zai fita, ina kuma tunawa. Mazan zumunta, ku da kuka taya ni nome gonarsa ran Asabar biyu, Allah ya saka muku.

Da aka sallamo shi, ni na hau soron. Ya zauna a ƙasa yana kallo, ya ce, "Juya indararon waje, Malam Bitrus." Na buɗe tsohon ramin na mayar da indararon inda yake, wajen gidana, na kafa duro a ƙarƙashi. Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina nema wa mutane ruwa, shekara biyu ina faɗa da wanda ke zubo mini kyauta. Yanzu da shi Saratu ke wanki, in duron ya cika ta ɗibar wa Inna.

Har yau ina tafiye-tafiyena. Amma ba na fita sai na leƙa na ce, "Malam, na tafi," in na dawo kuma tun daga bakin layi nake danna ham.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na kai kwana na goma ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai ƙofar da kake wucewa kai a ƙasa, kada ka jira zuciyarka ta yi laushi da kanta, tawa ba ta yi ba. Ka kai ta wurin Ubangiji yadda take, ka dogara gare shi, sannan ka je ka yi sallama yau. Ɗaukaka ga sunansa. Amin.